Yadda Ake Gyara Ƙafar Ɗan Ƙwallon Raga da Gem ɗin Taka Kibiya

Duk wanda ya taɓa tsayawa gefen fili yana koyar da yara ƙwallon raga ya san irin wannan ƙwallon. Ba ta da ƙarfi, ba ta da gudu. An ɗan tura ta ne ta tsallake hannun masu tarewa, sai ta faɗi taku biyu daga inda yaro yake tsaye. Ya gan ta sarai, har ya miƙa hannu, amma ƙafarsa ba ta tashi ba.

Ina horar da samarin unguwarmu a nan Bauchi bayan La'asar, kuma na daɗe ina fama da wannan matsala. Nakan zana musu tsani a ƙasa da toka, su bi gida-gida da sauri. Sun iya, har suna gasa. To amma a tsani kan yaro a sunkuye yake yana kallon yatsunsa, kuma tun kafin ya fara ya san takun da zai yi. A wasa kuwa ido yana sama, kuma abokin hamayya ba ya sanar da kowa inda zai aika ƙwallo. Zafin nama rabi biyu ne: akwai saurin jiki wajen tsayawa da juyawa, akwai kuma saurin gani da yanke shawara. Tsani rabin farko kawai yake taɓawa.

Abin da ya taimake ni a kan rabi na biyu shi ne gem ɗin rawa irin na taka kibiya. Asalinsa daga Japan ne, inda kamfanin Konami ya fitar da Dance Dance Revolution a 1998. Ana tsayawa a kan wata tabarma mai kibiyoyi 4, hagu, dama, gaba da baya. A fuskar talabijin kibiyoyi suna tasowa daga ƙasa zuwa sama, kuma daidai lokacin da kowacce ta isa alamarta sai ka taka takwararta a ƙasa. Wanda ya sunkuyar da kai ya dubi ƙafa, kibiya ta wuce shi. Abin da nake nema ke nan: ido a sama, ƙafa tana amsawa ba tare da an dube ta ba. Ga yadda nake tafiyar da abin daga farko.

Mataki na 1: Auna su kafin a fara

Idan ba a auna ba, bayan wata biyu sai dai a yi ta musu. Rabin filin ƙwallon raga mita 9 ne ta kowane gefe, saboda haka ya dace da gwajin da ake kira T. Kafin a ɗaura raga, ka ajiye robar ruwa cike da yashi a tsakiyar layin baya, wata a tsakiyar layin tsakiya, sannan ɗaya a kowane ƙarshen layin tsakiyar, wato mita 4 da rabi hagu da dama. Ɗan wasa zai ruga gaba ya taɓa robar tsakiya, ya ja gefe zuwa ta hagu ba tare da ƙafa ta haye ƙafa ba, ya ja har ta dama, ya dawo ta tsakiya, sannan ya koma da baya-baya inda ya tashi. Fuskarsa na kallon gaba har ya gama. Kowa ya yi sau biyu da hutu a tsakani, a ɗauki mafi sauri da agogon waya, a rubuta a littafi.

Gwaji na biyu nawa ne, kuma na fi ba shi muhimmanci. Yaro ya tsaya a tsakiyar filin baya, ni ina bakin raga da ƙwallaye, in jefa masa 10 ɗaya bayan ɗaya, wata gajere, wata gefe, wata bayansa, ba tsari. A ƙirga guda nawa ya isa ƙarƙashinsu da ƙafa biyu a ƙasa kafin ya taɓa su. Wadda ya miƙo hannu ɗaya ya dangwale ba ta shiga lissafi.

Mataki na 2: Ka fara da iyaye

Kada ka tsallake wannan. Kalmar rawa tana da nauyi a gidajenmu, kuma uba yana da haƙƙin sanin abin da ɗansa yake yi a hannunka. Mahaifin ɗaya daga cikin yaran ya same ni ya ce, "Malam, ƙwallo na ba ka shi, me ya kawo rawa kuma?" Na ce, "Baba, ku zo ku gani da idonku, in bai yi muku ba a bari." Ya zo ya zauna a benci ya kalli yaron yana taka gaba da baya, gumi yana zuba, babu karkaɗa kafaɗa babu lanƙwasa ƙugu. Da zai tafi ya ce ai wannan 'yar gala-gala ce ta koma cikin talabijin. Gaskiyarsa. Mu da muka yi langa a dandali mun san ƙafa a wasa take koyon wayo.

Wanda kiɗan ne bai kwanta masa ba, ana iya rage shi gaba ɗaya a kunna tafin da manhajar gem ɗin ke yi a kan kowace kibiya, aikin ƙafar bai canza ba. 'Yan mata su yi nasu da malamarsu a lokacinsu. Idan an tambaye ka ko wani wuri ya taɓa ɗaukar abin da muhimmanci, a 2006 jihar West Virginia ta Amurka ta fara shigar da wannan gem cikin darasin motsa jiki a makarantun gwamnati. Su saboda yawan ƙiba a tsakanin yara suka yi, mu kuma ƙafar ɗan wasa muke nema.

Mataki na 3: Zaɓen gem da haɗa kaya

Gem ɗin rawa iri biyu ne, kuma ba ɗaya suke ba a wurinmu. Akwai irin Just Dance na kamfanin Ubisoft, wanda ya fito a 2009, inda ake kwaikwayon mai rawa a allo. Wanda ake yi da waya motsin hannun da ke riƙe da wayar yake aunawa, don haka yaro zai iya cin maki ƙafarsa a kafe. Ban ga amfaninsa ga aikinmu ba, sai dai ɗumama jiki.

Na taka kibiya shi ne namu. Mafi sauƙin samu shi ne StepMania, manhajar kwamfuta ce kyauta, kuma tsohuwar laftof ma tana ɗaukarta. Sau ɗaya za a sauke ta, bayan nan ba ta buƙatar data. A haɗa laftof ɗin da talabijin in akwai, a ɗora allon daidai tsayin ido ko sama da haka kaɗan. Kada a ajiye shi a ƙasa ko a kan kujera 'yar tsugunne, don in aka yi haka an dawo da sunkuyon da ake gudu. A caja laftof tun da rana saboda ɗaukewar wuta.

Tabarmar ana sayarwa a shagunan intanet, mai wayar USB ake nema. Da ta iso ka gwada abu ɗaya: taka hagu da dama a lokaci guda. Wasu masu arha ba sa karanta biyun tare, kuma tsallen da za mu yi nan gaba a kansa ya dogara. Tabarmar leda ce, tana zamewa tana naɗewa a kan siminti. Ka sa kafinta ya yanko maka filawud da ya ɗan fi ta faɗi, a manne ta a kai da salatif mai faɗi ta gefe huɗu, a shimfiɗa kafet ko siririn soso a ƙarƙashin katakon don ya sha dirar ƙafa. Ƙafa tsirara ake hawa irin wannan. Takalmi yana yaga ta, safa kuma tana santsi.

In babu kuɗin tabarma, aikin bai tsaya ba. Zana gida 9 da alli a ƙasa, uku-uku, kowane gida kamar santimita 30. Gidan tsakiya na sama shi ne gaba, na ƙasa baya, na gefe biyu hagu da dama. A sa manhajar ta riƙa buga kanta, yaro ya bi kibiyoyin da kambas ɗinsa, abokinsa ya tsuguna yana ƙirga kuskure. A gaskiya ko mai tabarma ya kamata ya yi irin wannan zane guda uku ko huɗu a bayanta, don tabarma ɗaya ba ta ishi yara 12 ba, kuma tsayuwar jiran layi ɓata lokaci ce. Ɗaya yana kan tabarma, sauran suna bi a alli, a riƙa juyawa.

Mataki na 4: Mako biyun farko

A fara da matakin gem mafi sauƙi da kiɗa mai tafiyar hawainiya, bugu 100 zuwa 120 a minti. Manhajar tana nuna adadin a jikin kowane kiɗa. Kowane zagaye yakan ɗauki minti ɗaya da rabi zuwa biyu. Zagaye 4 ko 5 ga kowane yaro sun isa a rana, sau biyu a mako.

Kuskure biyu za ka gani a ranar farko, kuma kusan kowa yana yin su. Na farko, yaro ya taka kibiya ya dawo da ƙafa tsakiya, ya sake takawa ya sake dawowa. Ya ninka wa kansa aiki ke nan. A gem ɗin ba a cin tarar wanda ya bar ƙafarsa a kan kibiya, saboda haka ta zauna inda ta sauka har a sake buƙatarta. Na biyu, ya kafa ƙafar hagu kamar turke ya bar dama tana yawo ita kaɗai. Wannan ne ya fi damuna, domin ita ce cutar da ke bin sa fili: duk ƙwallon da ta bi ta ɓangaren ƙafar da ba ya so sai ya makara. Dokata ita ce ƙafa bi ƙafa, dama ta taka, hagu ta karɓa. Wanda ya kasa, nakan sa shi zagaye guda yana fara kowane jeri da ƙafar da yake gudu.

Kada a yi maganar maki a waɗannan makonni. Wanda ya dubi ƙasa, abokinsa ya tafa sau ɗaya don ya ɗago.

Mataki na 5: Mayar da tsayuwar ta ɗan ƙwallon raga

Nan ne wurin da ya fi kowane muhimmanci, kuma nan ne muke rabuwa da gwanayen gem ɗin. In ka kalli bidiyonsu za ka ga suna miƙe, sun jingina da ƙarfen da ke bayansu, ƙafa tana ɗan gogar gefen kibiya ba ta ko ɗagawa. Sun rage motsi ne don su cim ma kibiyoyi masu yawa. Hakan daidai ne ga mai neman maki, amma ɗan ƙwallon raga da ya saba da wannan tsayuwa ya koyi abin da zai cuce shi a fili.

Daga mako na 3, duk wanda zai hau tabarma ya hau da tsayuwar karɓar sabis. Gwiwa a lanƙwashe, ƙugu ya ja baya, ƙirji ya ɗan rinjaya gaba, nauyi a kan tafin gaba, diddige yana shafar ƙasa kawai. Hannu biyu a gaba, a buɗe, kamar mai jiran a miƙo masa tire. Babu dafa bango, babu riƙe ƙugu. Makinsu zai faɗi, cinya za ta yi zafi kafin a kai rabin kiɗa, za su yi ƙorafi. Ka rage musu wahalar kibiyoyin, kada ka rage tsugunnon. Gara yaro ya yi daƙiƙa 40 a tsayuwa mai kyau ya sauka ya huta da ya gama kiɗan a miƙe. Ko a wasa ma, daga sabis zuwa faɗuwar ƙwallo yawanci daƙiƙu kaɗan ne, sai a tsaya a sake shiri, don haka gajeren aiki mai zafi da hutu ya fi kama da abin da zai tarar.

Ina kuma kallon kansa. Mai karɓar ƙwallo in yana ja gefe, kansa bai kamata ya riƙa hawa da sauka ba, don in ido yana rawa ƙwallon ma rawa take yi masa. Nakan tsaya a bayansa in daidaita saman kansa da wani layi a bango, in ga ko yana tsallake shi.

Idan tsayuwar ta zauna, sai a shigo da abubuwa uku da ke cikin gem ɗin waɗanda suke da 'yan'uwa a fili.

Kibiya biyu a tare, hagu da dama, tana buƙatar ɗan tsalle a sauka da ƙafa biyu a buɗe. Wannan shi ne ɗan tsallen shiri da mai tsaron baya ke yi daidai lokacin da hannun mai duka zai taɓa ƙwallo, wanda ke sa jiki ya tashi ta kowane ɓangare. A sauka a hankali, ba ƙara. In ana jin dirarsa daga waje, da diddige yake sauka. Ka kuma duba gwiwoyinsa ta gaba: su bi saitin yatsu, kada su karkato ciki suna neman haɗuwa. Yaron da gwiwarsa ke faɗawa ciki, a tsayar da shi a gyara kafin a ƙara masa sauri, don irin wannan saukar ce ke ɓata gwiwa.

Doguwar kibiya, wadda ake dannewa har ta wuce, tana sa ƙafa ɗaya ta ɗauki nauyi ɗayar tana aiki. Tana ƙarfafa daidaito a kan ƙafa guda.

Sai jerin hagu, baya, dama, ko dama, gaba, hagu, wanda in an bi shi ƙafa bi ƙafa dole ƙugu ya juya ƙafa ta haye 'yar'uwarta, alhali ido yana kan allo. Mai tarewa na tsakiya haka yake yi in zai ruga gefen raga: ƙugu ya juya, ido yana kan abin da ke faruwa a hayin raga. Wannan yana ɗaukar lokaci, kada a gaggauta. A rage gudun kiɗan a maimaita wurin har ya shiga jiki, sannan a riƙa hawa zuwa bugu 140 da abin da ya fi.

Mataki na 6: Kai shi fili a ranar

Tabarma ba ta kai mita ɗaya ba, fili kuwa mita 18 ne a tsawo, 9 a faɗi. A kan tabarma ba a koyon taka birki bayan gudu, ba a koyon faɗuwa a ceto ƙwallo, ba a koyon karanta kafaɗar mai duka. Kibiya kuma ana hango ta tana tahowa a layi, ƙwallo kuwa lanƙwasa take. Saboda haka duk ranar da aka yi gem, minti 15 zuwa 20, sai a fita fili nan take tun ƙafa tana da zafi.

Na farko, ni ne allon. Su tsaya a layin da ke mita 3 daga raga cikin tsayuwar karɓa, ni ina riƙe da ƙwallo. In na nuna hagu su ja taku biyu hagu su tsaya cak, in na ɗaga sama su ja baya, in na sauke ƙasa su shigo gaba, in na mari ƙwallon su yi tsallen shiri. Ba na magana, don kunne ya huta ido ya yi aiki. Daƙiƙa 10, hutu 20, sau 6.

Na biyu, madubi. Biyu-biyu suna fuskantar juna da raga a tsakani, ɗaya yana ja gefe yadda ya ga dama, ɗayan yana bin sa. In na gaba ya yi tsalle, mai bi ya tashi ya tare.

Na uku, ƙwallo ta gaske. Jifa 10 irin na gwajin farko, amma yanzu ina juya kafaɗa kafin in jefa, don su fara koyon karanta jikin mutum.

Masu duka kuma su ƙara da takun tashi. Ga mai dukan dama: hagu, dama, hagu, na farko a natse, biyun ƙarshe a manne da sauri. Bahago ya juya. Nakan tafa musu shi, tafi ɗaya, ɗan jinkiri, sai biyu a jere. Yaran da suka saba sa ƙafa a kan bugu sun fi saurin kama wannan, kuma raga mai tsayin mita 2.43 ta maza ko 2.24 ta mata ba ta yafe wa wanda takunsa na ƙarshe ya yi sanyi.

Mataki na 7: Lokaci, yanayi da ciwo

Sau biyu a mako ya isa, uku in damina ta cika fili da ruwa. A nan gem ɗin ya fi yi mana rana, don a watan Agusta sai a yi kwanaki ba a taka fili ba. Kada a yi shi ana gobe wasa. Kafin a hau tabarma a ɗumama jiki minti 5 zuwa 10 da sassarfa, tsallen igiya da juya idon sawu, a ƙara tsawonsa da sanyin hunturu. A hunturu kuma a riƙa goge tabarmar da ɗanyen tsumma a bari ta bushe, ƙura tana sa ta santsi. A zafin Maris da Afrilu ɗakin kwano ba wurin wannan aiki ba ne da rana. A fitar da kayan baranda ko a bari sai bayan Magariba, ruwan sha a kusa. Da azumi nakan mayar da shi dare bayan an sha ruwa an huta, in kuma rage yawansa.

Targaɗen idon sawu shi ne raunin da ya fi yawa a ƙwallon raga, galibi in an sauko daga tsalle a kan ƙafar wani a ƙarƙashin raga. Wanda bai gama warkewa ba kada ya hau tabarma har sai likita ko mai gashin ƙashi na asibiti ya sallame shi. Haka wanda ke jin zafi a ƙasan ƙoƙon gwiwa, ciwon masu yawan tsalle, ko a gaban ƙwauri: a cire masa kibiya biyu-biyu, in bai lafa ba a kai shi a duba. Yara suna ɓoye ciwo don kada a hana su gem, sai ka riƙa kallon takunsu in sun sauka.

A ƙarshen mako na 8 a dawo da robobin yashi wurarensu, a fili ɗaya, da takalmi ɗaya, a lokaci ɗaya na yamma, mai riƙe agogo ma kada a canza shi. A sake gwajin T, a sake jifa 10, a rubuta a gefen na farko. Wanda makinsa ya hau a gem amma jifa 10 ɗinsa tana nan inda take, a rage masa tabarma zuwa minti 10 a ƙara masa madubi da ƙwallo ta gaske, a sake auna shi bayan mako 4.